Daga majalisar bakin tasha: ƙuri'a da buhun albasa

A wannan mako alƙalaminmu ya ya da zango a Madawa, a wata majalisa ta bakin tasha inda ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati kan haɗu bayan sallar la'asar, ana shan shayi ana warware duniya. Ran nan gardama ta tashi a kan tsofaffin zaɓuɓɓuka, kuma abin da aka faɗa ya cancanci a kawo muku shi.

Wani tsohon mushe ne ya buɗe fage da zaɓen 1993. Ya tuna wa jama'a cewa Tandja Mamadu ne ya zo na ɗaya a zagayen farko, amma da jam'iyyun ƙawancen AFC suka haɗa kai, ciki har da Tarayya ta Mahamadu Isufu, ɗan Adar, sai Mahaman Usman ya lashe zagaye na biyu da kashi 54 cikin ɗari. Daga nan aka gangaro kan zaɓen Yulin 1996, lokacin da Janar Ba'are ya rushe hukumar zaɓe ana tsakiyar ƙidaya, har aka iso na 2021 da aka ba Bazum nasara a kan Usman da kashi 55. Kowa na kare gwaninsa, murya na hawa, har shayi ya huce.

Sai wani Alhaji mai fataucin albasa, wanda tun ɗazu bai ce uffan ba, ya gyara zama ya tambayi mushe ko a cikin duk waɗannan zaɓuɓɓuka akwai ranar da majalisar nan ta taɓa tambayar ɗan takara yadda zai zauna da maƙwabta. Wuri ya yi tsit.

A ganinmu Alhaji ya taɓo inda ke ciwo. Mun saba ɗaukar siyasar waje a matsayin aikin manyan Yamai masu ɗamarar wuya, alhali babu wanda take shiga aljihunsa kamar mutumin Adar. A 1984, da gwamnatin Buhari ta rufe iyakar Najeriya a tsakiyar fari, yunwar shekarar har sunan El-Buhari aka ba ta. A Janairun 1994, Usman bai ko cika shekara a mulki ba, aka karya darajar sefa da rabi a taron Dakar. Ma'aikacin da dama yake bin bashin albashi ya wayi gari kuɗin magani da na kayan waje sun yi tashin gwauron zabo. A 2019 an sake rufe iyaka har ƙarshen 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma, takunkumin CEDEAO ya toshe hanyar Ƙonni zuwa Illela, ya yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, har zuwa Maris na 2024. Albasa kuwa ba ta jiran a gama taron shugabanni. Ruɓewa take yi.

Wani mutumin Buza ya ƙara da nasa: a ƙauyukansu da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗan cin-rani a Najeriya, ko Abijan, ko Libiya, kuma da aiken waɗannan yara ake cike gurbin rumbu. Tun da Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025 ta rungumi ƙawancen AES da Mali da Burkina Faso, tambayar kowane uba ita ce da wace takarda ɗansa zai riƙa tafiya. Na Keita shi ma ya tuna cewa tsaunukan da aka farfaɗo da su a yankinsu tun 1984, da gumin mata da tallafin Italiya, daga wata yarjejeniya da ƙasar waje suka samo asali. Ashe hulɗa da waje tana kawo alheri kamar yadda take kawo wahala.

Ba mu ce a sayar da mutuncin ƙasa don buhun albasa ba. Ƴanci yana da tsada, kuma talakan Nijar ya nuna yana iya biya. Abin da muke cewa shi ne, wanda zai biya yana da haƙƙin a gaya masa farashi.

Tun Maris na 2025 aka rushe jam'iyyu, aka kuma tsayar da riƙon ƙwarya na shekara 5. To, ga dama ta samu ga majalisunmu: tunda babu tutar da za a yi faɗa a kanta, sai a koyi gardama a kan manufa. Ranar da akwati ya dawo, kada mu tsaya ga tambayar ɗan wane gari ne. Mu tambaye shi yadda zai yi da iyaka, da kuɗi, da ƴaƴanmu da ke waje.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.