Daga Oslo Zuwa Gyallesu: Rinjaye Ma Jarrabawa Ce



A daren Juma'ar da ta wuce, bayan sallar isha'i, muna zaune a majalisarmu ta ƙofar gida a nan Gyallesu, sai wani ƙanenmu ya miƙo wayarsa tana zagayawa hannu zuwa hannu. Tsohon bidiyo ne na Musulmin Rohingya, mata da tsofaffi suna ratsa ruwa da yara a kafaɗa, hayaƙin ƙauyukansu na tashi a bayansu. Da wayar ta koma hannunsa sai ya yi tsaki ya ce da ni, "Wallahi Yaya, duk duniya babu marasa imani kamar 'yan Buddha."

A cikinmu akwai wani ɗan'uwa da ya yi karatu a ƙasar Norwe. Ya ce shi kam ba haka ya san su ba. Maƙwabcinsa a gidan ɗalibai mabiyin Buddha ne, iyayensa 'yan asalin Biyetnam, kuma da ya fahimci Musulmi ba ya cin naman alade, sai ya ware masa tukunya da wuƙa a kicin ɗin da suke tarayya, ba tare da an roƙe shi ba. Aka yi ta ja-in-ja har mai shayi ya fara haɗa kayansa. Ni dai ban sa baki ba, domin na ga kowannensu gaskiya ya faɗa. Abin da ya hana ni barci a daren shi ne, ta yaya duka biyun suka zama gaskiya?

Bari in share fage, don kada wani ya yi mini gurguwar fahimta. Addinin Buddha ya samo asali ne daga koyarwar Siddhartha Gautama, wanda aka haifa a yankin da yau yake ƙasar Nepal, kimanin ƙarni biyar kafin Annabi Isa (AS). Tushen koyarwar shi ne rayuwa wahala ce, kwaɗayin zuciya ne sanadinta, kuma mafita ita ce horar da rai. Babu Mahalicci a tsakiyar wannan tafarki, don haka tsakaninsa da tauhidi akwai tazara mai nisa, kuma ban zo in rage ta ba. Amma sanin abin da wasu suka yi imani da shi ba baƙon abu ba ne a wurin malamanmu. Shaharastani, wanda ya rasu a 1153, ya yi bayanin mabiya Buddha a littafinsa Al-Milal wan-Nihal, alhali a zamaninsa babu intanet balle wayar hannu. Mu da muke da su, bidiyo guda na minti biyu ya ishe mu yanke wa ɗaruruwan miliyoyin mutane hukunci.

A Norwe, ƙasa mai mutum kusan miliyan biyar da rabi, mabiya Buddha ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, Musulmin ƙasar ma sun ninka su. Da yawansu gudun hijira ne ya kai su: bayan yaƙin Biyetnam ya ƙare a 1975, mutane suka riƙa faɗawa teku cikin ƙananan kwale-kwale, jiragen ruwan Norwe suka tsamo wasunsu. Daga baya aka sami 'yan Tailan, galibi mata da aure ya kai su, da 'yan Siri Lanka, da tsirarun Turawan ƙasar da suka karɓi tafarkin. A 1979 suka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu mai suna Buddhistforbundet. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tsarin gwamnatin ƙasar: duk ƙungiyar addinin da ta cika sharuɗɗan rajista ana ba ta tallafi daga baitulmali bisa ƙidayar mabiyanta, gwargwadon abin da ake kashe wa majami'ar ƙasar a kan kowane mutum. Da wannan ma'aunin ake auna wa masallaci, da shi ake auna wa ɗakin ibadar Buddha.

Kada mai karatu ya zaci haka suka taso. Tsarin mulkin Norwe na 1814 ya haramta wa Yahudawa shiga ƙasar ƙiri-ƙiri, sai a 1851 aka soke wannan sashe. Har zuwa 2012 ƙasar tana da addinin gwamnati a rubuce. Kuma ba aljanna ba ce: a Yulin 2011 wani ɗan ƙasar mai ƙiyayya da Musulunci ya kashe mutum 77, a 2019 wani ya kutsa masallacin Al-Noor da ke Baerum da bindiga, Allah Ya taimaka masallata suka kayar da shi, a shekarar kuma wasu suka cinna wa Alƙur'ani wuta a garin Kristiansand. Duk da haka mabiyin Buddha a Oslo yana kwana da idonsa biyu a rufe, yana da ɗakin ibada, yana da maƙwabta. Kuma shi ma mutumin kirki ne, kamar yadda ɗan'uwanmu ya shaida.

To, je ka Myanmar, wadda muka fi sani da Bama a da. A can mabiya Buddha su ne masu rinjaye, gwamnati tasu, soja nasu. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 ta bar 'yan Rohingya ba su da ƙasa. Wani malamin Buddha mai suna Wirathu ya yi shekaru yana hura wutar ƙiyayya a wa'azinsa. Daga Agustan 2017 mutum sama da 700,000 suka tsere zuwa Bangaladash. Wani abin takaici, Aung San Suu Kyi, wadda kwamitin Nobel na birnin Oslo ya ba lambar yabo ta zaman lafiya a 1991, ita ce ta tsaya gaban Kotun Duniya a Disambar 2019 tana kare ƙasarta daga ƙarar kisan ƙare dangi da Gambiya ta shigar.

Addini ɗaya, hali biyu. Abin da na fahimta shi ne, kusan kowace al'umma tana da ladabi idan ita ce 'yar tsiraru. Wanda yake baƙo, ba shi da soja, ba shi da kotu, dole ya iya gaisuwa. Ba a sanin ainihin tarbiyyar mutane sai ranar da suka waiwaya suka ga sun fi kowa yawa, kuma babu mai tambayarsu. Wannan ita ce jarrabawar da 'yan Buddha na Myanmar suka faɗi, su da muke tsinewa. A Zazzau kuwa, ya ɗan'uwana, mu ne masu yawan.

Magabatanmu sun san da wannan jarrabawa, kuma sun yi mata tanadi. Sahabbai sun ɗanɗani zaman tsiraru a Habasha ƙarƙashin sarki Kirista, Najjashi, wanda ya ƙi miƙa su ga Ƙuraishawa. Da Muhammad bin Ƙasim ya ci ƙasar Sindh a wajen 712, ya tarar da mabiya Buddha da Hindu, aka sa su cikin 'yan amana, suna biyan jiziya suna ci gaba da ibadarsu. Mazhabarmu ta Malikiyya tana cikin waɗanda suka faɗaɗa wannan ƙofa ga waɗanda ba Ahlul Kitabi ba. A nan ƙasar Hausa ma, masana da yawa suna ganin sunan Maguzawa daga kalmar Majusu ya fito, wato malamai sun nema musu gurbi a cikin fiƙihu don su zauna a gonakinsu cikin aminci. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida kuwa ta toshe mana hanyar fakewa da ƙiyayya don mu bar adalci. Duk mun san waɗannan, muna kawo su a muhawara da Turawa a intanet. Tambayar ita ce ko muna kawo su Wusasa.

Wusasa tafiyar 'yan mintoci ce daga inda nake zaune, amma na rantse akwai samarin Gyallesu da suka fi sanin labarin Gaza da Kashmir fiye da nata. Likita Walter Miller, ɗan mishan na ƙungiyar CMS, ya zauna a cikin birnin Zariya tun 1905, kafin a mayar da mishan ɗin wajen ganuwa, zuwa Wusasa, a wajen 1929. Cikin waɗanda suka bi shi akwai jikokin Isawa, almajiran wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda matsayin da ya ba Annabi Isa (AS) a karatunsa. Hausawa ne da Fulani, jininsu namu, tuwonsu namu, kunyarsu irin tamu. Majami'arsu ta St. Bartholomew da ƙasa aka gina ta, ginin Hausa sosai, kuma a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki nasu da Hausa. Daga wannan ƙaramar al'umma aka sami Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, wanda asibitin koyarwa na Kaduna yake ɗauke da sunansa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon ma a can ya tashi. Iyayenmu da yawa a asibitin Wusasa aka yi musu magani, ba a tambaye su kalmar shahada ba.

Me muka mayar? A Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, aka taɓa Musulmi a can. Cikin kwanaki kaɗan aka ƙona majami'u masu yawa a Zariya, na mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Na san abin da za a ce mini: Zangon Kataf fa a 1992? Zonkwa fa a 2011, inda aka yi wa Musulmi kisan gilla bayan zaɓe? Ban manta ba, kuma jinin nan yana nan a wuyan waɗanda suka zubar da shi. Amma ku lura, hujjata kuka ƙarfafa. A kudancin jihar nan mu ne tsiraru, aka yi mana abin da masu rinjaye suke yi. A arewacinta muka rama a kan wanda ba shi ya yi ba. Bahaushe Kirista har yau yana shan tambayar da ba ta da daɗi, wai ta yaya yana Bahaushe yake zuwa coci, kamar Hausanci takarda ce da mu muke sa mata hannu.

Na so in tsaya a nan, domin abin da ya rage ya fi nauyi, kuma na san wasu za su rufe shafin da zarar sun gan shi. Amma ba zan yi maganar tsiraru daga Gyallesu in tsallake Disambar 2015 ba.

Ni ba almajirin Malam Ibrahim Zakzaky ba ne, saɓanin da ke tsakanin aƙidata da ta Shi'a kuwa ba ƙarami ba ne. Abin da ya faru sananne ne. Ranar 12 ga wata mabiyansa suka tare hanyar ayarin babban hafsan sojojin ƙasa, Janar Tukur Buratai, a kusa da Husainiyya. Daga nan har zuwa 14 ga wata sojoji suka yi aiki a Husainiyya da gidan malamin a nan unguwarmu. Kwamitin binciken shari'a da gwamnatin Kaduna ta kafa ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba ya ji daga bakin jami'an gwamnatin kanta cewa an binne gawa 347 a rami guda a Mando. Soja ɗaya ma ya rasa ransa. Kwamitin ya ɗora wa ƙungiyar laifin raina doka da takura wa jama'a, ya kuma ce sojoji sun wuce gona da iri. Malamin da matarsa suka zauna a tsare har Yulin 2021, lokacin da babbar kotun Kaduna ta sallame su.

Hukuncin sojoji da na ƙungiyar na bar wa kotu da Allah. Namu nake magana. Na ji da kunnena mutane masu gemu da tabon sallah suna cewa "Allah Ya ƙara". Na ga waɗanda a yau suke kukan Rohingya suna dariya a lokacin. Ko da a ce duk ƙorafin da maƙwabta suke yi gaskiya ne, wane babin fiƙihu ne ya ce hukuncin tare hanya shi ne rami guda ba wanka ba salla? Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye don gawar Bayahude da aka wuce da ita, da aka gaya masa ko ta wane ce, sai ya tunatar da su cewa rai ne. Mu kuwa masu cewa La'ilaha illallahu ne suka mutu a bayan katangarmu, muka kasa ko da yin shiru na mutunci.

Ba na cire kaina. Akwai wani dattijo a layinmu da ɗansa ya fita a daren nan bai dawo ba. Tare muka yi makarantar allo da yaron, shi ya koya mini wanke allo ba tare da na jiƙa rigata ba. Ban je ta'aziyya ba. Na ji tsoron a gan ni na shiga gidan a ce na zama ɗan Shi'a. Shekaru suka yi ta wucewa ina gaishe da tsohon daga nesa, yana amsawa kamar babu komai.

Washegarin gardamar nan ta majalisa, bayan la'asar, na je na yi sallama a zaurensa. Na durƙusa na ce, "Baba, na zo gaisuwar da ban yi ba tun wancan lokaci." Ya daɗe yana kallona, sannan ya jawo buzu ya ce in zauna. Bai tambaye ni abin da ya hana ni ba. Ya aika jikansa ya kawo mini ruwa, ya ce yaron nan da nake gani wata biyar gare shi a ciki ranar da ubansa ya fita.