Wa Ya Ba Amurka Makullin Ƙofa?

Jama'a, duk sa'ad da wani ɗalibi ya miƙe a wurin muhawara yana ce wa Majalisar Ɗinkin Duniya "gidan kowa", ni Angola nake tunawa, sai raina ya ɓaci.

Ran 11 ga Nuwamba 1975 Angola ta kuɓuta daga hannun Fotugal, alhali sojojin Afirka ta Kudu sun riga sun kutsa cikinta. Gwamnatin Agostinho Neto ta nemi agajin Kyuba. Nijeriya, a zamanin Janar Murtala, ta amince da wannan gwamnati, Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka kuma ta karɓe ta a Fabrairun 1976. Amma da ta nemi shiga Majalisar Ɗinkin Duniya cikin Yuni, sai Amurka ta hau kujerar naƙi a Kwamitin Sulhu. Dalili? Wai akwai sojojin Kyuba a ƙasar.

To, a yi mini bayani. A 1973 an shigar da Jamus ta Yamma da ta Gabas rana guda, ga sojojin Amurka da Ingila da Faransa jibge a ɗaya, na Rasha a ɗayar. Wa ya tsaya ƙirga su? Sashe na 4 na kundin Majalisar ƙasa mai son zaman lafiya ya nema, wadda za ta iya cika alkawuranta, kuma tun 1948 Kotun Duniya ta ce ba a ƙara wani sharaɗi bisa waɗannan. Abin haushi ma, a 1974 Amurka da Ingila da Faransa ne suka haɗu suka hana a kori gwamnatin wariyar launin fata. Mai kai hari yana da kujera, wanda aka kai wa yana tsugune a zaure!

Na san wani malami zai ce MPLA ba zaɓe ta ci ba. Gaskiya ne, kuma ban wanke ta daga jinin da aka zubar har 2002 ba. Amma nawa ne cikin masu zama a zauren nan a 1976 aka zaɓa? Hatta tamu gwamnatin ta soja ce.

Da aka gama zaɓen Amurka a Nuwamba, sai ta janye ƙafa ta ƙi jefa ƙuri'a. Ran 1 ga Disamba 1976 Angola ta shiga. Sojojin Kyuba kuwa suna nan daram, ba su gama ficewa ba sai 1991.