Yaro Ya Tashi, Gida Ya Kwanta

Akwai wata irin jinya da ba a zuwa dubiyarta. Idan ɗan kasuwa a Agadas ya karye a hanyar Arlit, kafin magariba zaurensa ya cika da ƴan jaje, wannan da dabino, wancan da ƴar jaka biyu a ninke. Amma idan yaro ɗan shekara 16 ya yi yunƙurin kashe kansa, Allah ya sa da sauran shan ruwa aka ceto shi a babban asibitin jiha, sai a dawo da shi gida da dare, a saki labule, a ce wa maƙwabta zazzaɓi ne. A wannan daren jinyar gaskiya take farawa, kuma ba yaron kaɗai take kwantarwa ba.

A ɗauki gida ɗaya misali, ba sai an kama suna ba, don irinsa ba ɗaya ba ne. Uwa ta daina barci, motsi kaɗan ta tashi ta leƙa ɗakinsa. Ta daina zuwa biki da suna saboda tsoron tambayar da ke bin bayan gaisuwa. Uba, ƙaramin ma'aikaci, ya rasa ko faɗa zai yi ko kuka, sai ya zaɓi shiru, yaron kuwa ya fassara shirun da cewa an sallama shi. An hana ƙanne magana, ba a kuma gaya masu abin da aka hana su faɗa ba. Yayar da aka sa wa rana tana fargabar kada labari ya kai gidan surukai. Yaron yana kallon duk wannan, yana ƙara gaskata tunanin da ya kai shi can tun farko, wato shi kaya ne a wuyan mutane. Ana kiran wannan rufin asiri. Rufin asiri abu ne mai kyau, amma ran wanka ba a ɓoyon cibi.

Masu cewa wannan ciwon Turawa ne su duba lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara, kuma a ƙididdigarta ta 2019 yankin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan masu yin haka idan aka auna da yawan jama'a. Akwai kuma abu biyu da likitoci suka daɗe da sani, da ya kamata kowane uba ya sani. Na farko, mafi yawan waɗanda suka tsira, kusan tara cikin goma, ba ta wannan hanya suke mutuwa daga baya ba. Suna girma, su yi sana'a, su yi iyali. Na biyu, watannin farko bayan sallama daga asibiti su ne mafi haɗari. Wato lokacin da gida ya rufe ƙofa ya yi shiru, daidai lokacin ne yaro ya fi bukatar mai saurarensa.

Babu mai iya nuna dalili ɗaya ya ce shi ne. Amma wanda ya san Agadas ya san abin da samarinta suka taso suna gani. Tawayen 2007 ya kori masu yawon buɗe ido. Zinariyar Jado da ta ɓulla a 2014 an rufe wurinta a 2017. Dokar 2015 ta hana jigilar baƙin haure, aka kama direbobi aka tsare motoci, har aka soke ta a Nuwamban 2023. Kamfanin COMINAK ya rufe a Arlit a 2021. Kowane ɗayan waɗannan ya shiga gidaje ya zauna, tare da bashi da faɗan iyaye da ƙwayar tiramol. Yaron da ya faɗi jarrabawar BEPC a irin wannan gida, faɗuwar tana masa nauyin da babba ba ya gani.

To, ina gwamnati? Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar ƙalilan ne, akasarinsu a Yamai, tafiyar fiye da kilomita 900. Wane mai tebur ne zai rufe teburinsa ya biya kuɗin mota na mutum biyu kowane wata? A shekarun da suka biyo bayan 2016, ƙungiyoyin agaji sun kawo masu ba da shawara don baƙin haure da suka maƙale a Agadas. Ba a ce baƙo bai cancanta ba. Abin da hakan ya nuna shi ne aikin yana yiwuwa a nan, ɗan gari ma yana da haƙƙinsa.

Ba kuma sai an gina sabon bene ba, abin da mahukunta suka fi so saboda ana yanka masa kyalle. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya rasa wata mara lafiyarsa da iyayenta suka kasa samun kuɗin motar kawo ta Harare. A 2006 ya fara horar da tsofaffin mata, suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraren masu damuwa, wanda abinsa ya yi tsanani su miƙa shi ga likita. Agadas ba ta rasa kakanni ba. Abin da ya rage shi ne ma'aikatar lafiya ta horar da su tare da ma'aikatan jinya na asibitocin unguwa, ta kuma wajabta cewa duk yaron da aka sallama a bi shi gida cikin makon farko, a zauna da uwar da uban ma, don su ma majinyata ne.

Addini ya haramta kisan kai, babu mai jayayya. Amma yaron nan yana raye, kuma limamin da ya shigo da rarrashi ya fi amfani a gidan a kan wanda ya shigo da tsawa. A Nijeriya dokar laifuffuka ta tanadar wa wanda ya tsira ɗauri har na shekara ɗaya. Gana ta soke irin wannan doka a 2023. Hukuncin unguwa kuwa ba a rubuce yake ba, shi ya sa ya fi wuyar sokewa.

Warkewa ba ta zuwa da ganga. A gidan da aka yi dace, uwa ta kawar da duk abin da zai iya cutarwa ba tare da ta mai da ɗakin yaron kurkuku ba. An gaya wa malami ɗaya amintacce a makaranta. Kawu ɗaya ya ɗauki nauyin kai shi asibiti duk ranar da aka sa. Wata rana da yamma uban ya hura gawayi, ya ɗora buta, ya kira ɗansa ya tambaye shi kai tsaye ko tunanin yana dawo masa. Likitoci sun tabbatar tambayar ba ta cusa tunanin. Yaron ya ce wani lokaci. Uban ya zuba masa shayi na biyu, ya ce ya ci gaba.