Zagaya Duniya: Shinkafar Da Ke Shafe Asali A Birnin Puri

A gabashin ƙasar Indiya, cikin Jihar Odisha, akwai wani birni a bakin teku ana ce da shi Puri. A nan ne babban ɗakin ibadar Jagannat yake, wanda Sarki Anantabarman Codaganga ya kafa a ƙarni na 12. Mabiya addinin Hindu suna tururuwa zuwa can daga kowace kusurwa, kuma da wuya mutum ya juya gida bai ɗanɗani abincin da suke kira Mahaparasad ba.

Madafar wurin tana cikin mafiya girma a duniya. Da itace ake girki, cikin tukwanen ƙasa sababbi, kowace tukunya kuwa sau ɗaya tak ake aiki da ita. Masu dafuwar gadon sana'ar suka yi. Albasa da tafarnuwa ba sa shiga, haka dankalin Turawa da tumatir, don waɗannan biyun baƙi ne a ƙasar. Bisa al'ada akan lissafa abinci iri 56, tun daga shinkafa da wake da man shanu har zuwa kayan zaƙi.

In an sauke, sai a kai gaban Jagannat, kana a miƙa wa abar bautarsu Bimala. Sai bayan haka ne abincin ke samun sunansa. Ma'anar kalmar "parasad" ita ce alheri ko falala, "maha" kuwa babba. Watau a wurinsu abin bauta ya riga ya karɓa, abin da ya komo ragowarsa ce.

To, a nan gizo ke saƙa. A al'adar Hindu babu abin ƙyama kamar suɗin wani, har ma mai bin tsohuwar ƙa'ida ba ya cin girkin wanda ya gaza shi asali. Amma ga mutum ya yi tafiyar kwanaki don ya ci ragowa, yana murna. Cin nan ƙasƙantar da kai ne, shaida ce cewa shi bara ne mai jiran abin da maigida ya rage. Tun da kowa bara ne a wannan wuri, sai zancen asali ya faɗi. A kasuwar Ananda da ke cikin harabar, Barahman, watau ɗan gidan malamai, yakan zauna a ƙasa tare da talaka su ci, ba mai ƙyamar wani. Wanda ya san yadda bambancin asali ya yi kanta a Indiya ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akan shanya wani kashi na shinkafar har ta bushe, a kira ta nirmaliya. Baƙi sukan ƙulle ta su kai gida, a ɓoye ta shekara da shekaru. Da ita ake ƙulla alkawarin aure, ita kuma ake sa wa mai gargara a baki.

Amma fa daidaiton nan yana da iyaka, iyakarsa kuwa ƙofa. Wanda ba Hindu ba, ba ya shiga, sai dai a fito masa da abincin waje. A 1984 masu kula da wurin suka hana Firayim Minista Indira Gandhi kanta shiga, dalili kuwa mijin da ta aura ɗan addinin Farisawa ne.