Direban Tamanrasset, ka riƙe filash ɗinka

Duk direban da ya taso daga Tamanrasset ya nufi In Guezzam, tafiyar kusan kilomita 400, ya san amfanin abin saurare, ko karatun Alƙur'ani, ko Shata, ko jitar mawaƙan Imarhan, 'yan Tamanrasset. Shi ya sa wasu ke jona had-dis, babban faifan ajiyar kwamfuta, a kafar USB ta rediyon mota. Ni dai ban goyi bayan haka ba. Faifan nan juyawa yake yi a ciki, galibi sau 5,400 a minti, kuma wutar da yake ja lokacin tashi takan fi ƙarfin kafar rediyo da yawa, sai ka ji yana ƙyas-ƙyas ya ƙi buɗewa. Ko ya tashi, yawancin tsofaffin rediyoyi tsarin FAT32 suka sani, shi kuwa da NTFS yakan zo. To, ina ga an zarce In Guezzam, an wuce Assamaka, an shiga gargadar hanyar Arlit da zafin rana? Jijjiga ɗaya na iya salwantar da abin da ka shekara kana tarawa. Ɗan'uwa, bar faifan a gida, ka kwafi abin da kake so a filash mai giga 32.