Raina Ƙaramin Alheri Ne Ke Sa Mu Rowarsa

Akwai wani kuskuren lissafi da yawancinmu ke tafkawa kullum ba tare da mun ankara ba. Mutum zai ga dattijuwa tana kokawar sauke buhu daga Adaidaita Sahu, ko ya lura wanda ke gabansa a asibiti ya rasa inda ake yankar kati, zuciya ta ce masa ya taimaka, wata kuma ta ce, "Wannan ɗan abin me zai ƙara masa? Kada ma a ce na cika shisshigi." Sai ya kau da kai ya wuce. Ra'ayina shi ne zuciya ta biyun ba ta iya lissafi ba. Ɗan alherin da baƙo ya yi wa wanda ransa ke ɓace yana kaiwa nesa fiye da yadda mai yin sa ke zato, kuma rashin sanin haka ne ke sa mu rowar abin da ba ya cin mana ko kwabo.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan a aikace. A wani bincike da aka buga a 2014, Nicholas Epley da Juliana Schroeder na Jami'ar Chicago a Amurka sun raba fasinjojin jirgin ƙasa da na bas kashi uku: wasu su ja hira da baƙon da ke kusa da su, wasu su kame bakinsu, wasu su yi yadda suka saba. Waɗanda suka yi hirar su ne suka fi jin daɗin tafiyar, alhali fasinjojin da aka tambaya tun farko sun yi hasashen shiru ne zai fi daɗi. A wani binciken da aka buga a 2022 kuma, Amit Kumar da Epley sun raba kofunan koko mai zafi ga masu yawo a wani wurin shaƙatawa na birnin Chicago lokacin sanyi, suka ce wanda ya so ya sha, wanda ya so ya nuna wani baƙo a miƙa masa. Mafi yawansu suka bayar. Da aka tambayi ɓangarorin biyu, farin cikin waɗanda aka bai wa ya zarce abin da masu bayarwa suka ƙiyasta. Dalilin da masanan suka gano shi ne mai bayarwa kuɗin kofin yake dubawa, mai karɓa kuwa abin da ya taɓa shi shi ne an tuna da shi.

Wannan ne ma ya sa alherin baƙo ke da nasa ƙarfi na daban. Idan ɗan'uwanka ya taimake ka, kana iya cewa zumunci ne ya ɗora masa. Idan yaronka na kasuwa ne, ka ce yana neman shiga. Amma wanda ya tsaya cikin rana ya taya ka tura mota, ya kakkaɓe hannu ya ce "Allah Ya kiyaye hanya" ya wuce ko sunansa ba ka ji ba, babu abin da yake jira daga gare ka. Ɓacin rai kan sa mutum ya riƙa ganin kowa ta kansa yake yi, irin wannan taimako kuwa hujja ce a gaban idonsa cewa ba haka ba ne. Hausawa ba su jira bincike ba kafin su ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya lissafa murmushi ga ɗan'uwa da nuna wa ɓatacce hanya cikin ayyukan sadaka.

Wani zai ce murmushi ba ya cika ciki, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 mutane abinci suke nema, ba fara'a ba. Gaskiya ne, sakin fuska bai taɓa rage farashin kwanon masara ba, kuma wanda damuwa ta zame masa cuta likita yake buƙata. Sai dai ba wanda ya ce a zaɓi ɗaya a bar ɗaya. Lokacin matsi ne ma wulaƙanci ya fi ciwo. Magidancin da ya wuni a layin banki bai samu kuɗi ba, akwai bambanci tsakanin a daka masa tsawa da a ce masa, "Baba, yi haƙuri, ka dawo gobe da safe." Aljihunsa ɗaya ne a duk halin biyu, amma fuskar da zai shiga gida da ita ba ɗaya ba ce, kuma iyalinsa ne za su fara shaida hakan.

Hujja mafi nauyi ita ce ta tsaro. A zamanin garkuwa da mutane da ƙwacen waya, wa zai zargi wanda ya ƙi rage wa baƙo hanya da dare? Ba wanda ya ce a jefar da hankali. Amma galibin alherin da ake magana a kansa ba shi da wannan haɗari: amsa sallama da kyau, tashi a bai wa mai juna biyu kujera, ajiye randar ruwa a ƙofar gida don masu wucewa. Bayan haka, zaton da muke yi wa juna ya fi gaskiyar lamarin muni. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2019 ya miƙa walat sama da 17,000 a matsayin tsintuwa a ƙasashe 40, kuma a 38 daga cikinsu an fi neman mai walat ɗin idan akwai kuɗi a ciki, akasin abin da masana tattalin arziki suka yi hasashe.

Saboda haka gyaran da ake buƙata na lissafi ne. Nas a ɗakin haihuwa, kwandasta a tasha, mai karɓar kuɗi a kanti, kowannensu yana haɗuwa da ɗimbin mutane a rana, kuma bai san wanda ya kwana da yunwa ko ya fito daga gidan makoki ba. Tunda shaida ta nuna cewa mai bayarwa ne ke rage wa alherinsa daraja, duk lokacin da zuciya ta ce maka ɗan abin nan ba komai ba ne, ka sani ita ce ta fi kusa da kuskure, ka yi shi.