Hutun Disamba: a kai yara gida Arewa

Hunturu ya kama, hatsi ya shiga rumbu, nan da ƴan kwanaki kuma za a rufe lakwal domin hutun ƙarshen shekara. Maganarmu ta yau da ku ce, ma'aikata da ƴan kasuwa ƴan asalin Arewa waɗanda neman abinci ya zaunar a Yamai, Doso ko Maradi. Ina yaranku za su yi wannan hutu?

A gidaje da dama amsar ita ce gaban talabijin, salula a hannu. Da haka yaro yake girma yana jin Faransanci da Zabarmanci, amma in kakarsa ta kira daga Matankari ko Tibiri sai ya miƙa wa uwarsa waya, don gaisuwar ma ta gagare shi. Laifin namu ne, iyaye. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma tsakanin Yamai da Dogon Dutsi tafiyar yini guda ma ba ta cika ba, kusan kilomita 270 ne bisa kwalta.

Shiri tun daga albashin Nuwamba ake fara shi. A ware kuɗin mota, a tanadi rigunan sanyi da bargo, a sayi tsarabar tsofaffi: goro, sukari da sabulu. A bar yaro ya miƙa tsarabar da hannunsa, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Ɗan kasuwar da cinikin kaka ya riƙe shi yana iya raka iyali ya kwana biyu ya komo. A yi tafiyar rana, a kuma tambayi lafiyar hanya kafin a nufi ƙauye.

In an isa, kwanakin farko na dangi ne. A zagaya da yara gida gida, a nuna musu wace ce gwaggo, wane ne kawu, su wane ne taubasai. A bar jika ya yi wasa da kakarsa, a bar shi ya ji yadda Ba'are da Bafillace suke tsokanar juna ba tare da rai ya ɓaci ba. Wannan wasan taubasantaka na Nijar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014, ga shi kuwa a ƙofar gidanmu kyauta.

Da hantsi a kai su garka su ga yadda ake ban ruwan dankalin Turawa da Dogon Dutsi ta yi suna da shi. Da marece akwai langa, dara da kokowar samari, wadda daga irinta ake samun masu neman Takobin ƙasa tun gasar farko ta Tawa a 1975. Da dare a kashe salula, a hura wuta, a bar tsohuwa ta ce gatanan gatananku.

A kuma ba su labarin Lugu, inda Sarauniya Mangu ta yi tsayin daka gaban rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya yi fim a 1986. Abin kunya ne ɗan Arewa ya fara jin sunanta daga bakin mushe a aji, alhali kakansa yana da rai. Masu ƙyamar zancen don Lugu garin Azna ne, su tuna cewa sanin tarihin kakanni bai taɓa raba mutum da sallarsa ba.

Tsofaffin nan ba za su jira mu har abada ba. Wanda ya ce sai baɗi, ya ƙirga gidaje nawa ya je ta'aziyya a bana. Allah ya kai mu lafiya, ya maido mu lafiya. Sai mako mai zuwa.